Tattaki, Keke ko Iyo: Wanne Gwiwar Mai Ƙiba Za Ta Iya Ɗauka a Saudiyya?

Duk wanda yake sallar jam'i a masallatan Makka ko Jidda ya ga yadda kujeru suke ƙara yawa a gefen sahu. Da can kujera ta tsoho ce tukuf, wanda ya ba saba'in baya. Yau kuwa sai ka ga magidanci ɗan shekara arba'in da biyar ya jawo ta, ya yi tsayuwa da ruku'u lafiya lau, da an zo sujada sai ya zauna. A ɓangaren mata abin ya fi haka yawa. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: gwiwa. In an je asibiti, maganar likita ma ɗaya ce: ka rage ƙiba, ka riƙa motsa jiki. A nan mutum yake rasa na kamawa, domin ƙafar da aka ce ya yi tattaki da ita, ita ce take hana shi barci. Sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai ya zauna ya ce yana hutar da gwiwar, ƙibar ta ci gaba da hawa, ko kuma ya ɗaura ɗamara ya faɗa gudu mako guda, gwiwar ta kumbura, ya dawo ya zauna da hujja a hannu.

Ni a ganina kuskuren yana cikin ma'aunin da ake zaɓe da shi. Mutane suna tambayar wane motsa jiki ne ya fi ƙona kitse cikin minti talatin. Tambayar da ta dace da mai ƙiba kuma mai ciwon gaɓa ita ce: wanne ne in na yi shi yau, gwiwata za ta bar ni in sake yi gobe, da jibi, da watan da zafi ya kai maƙura?

Kakannin da yawa daga cikinmu, Hausawan Saudiyya, da ƙafa suka keto Chadi da Sudan har suka iso gaɓar Bahar Maliya. Iyayenmu da suka zo daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram su ma da ƙafa suka saba zuwa kasuwa da gona. Jikokinsu mota ce ke kai su har bakin baƙala, wato kantin unguwa. Direban gida ko mai ɗaukar fasinja yakan yini a kan kujera, mai ɗinki a kan keke, mai sayar da kaya a Shara Mansur ta Makka a kan tabarma, uwar gida kuma a ɗaki cikin sanyin na'ura, don waje ba ya fituwa. Ga shinkafa rana da dare, ga tamis da ful da safe, ga lemon gwangwani da shayi mai sukari. Ƙididdigar ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta 2021 ta nuna kimanin baligi ɗaya cikin shida a Saudiyya yana da ciwon suga, kuma mu da muke cin abincin ƙasar muna zaman ƙasar ba mu da wata laya da ta keɓe mu.

Sai mun gane yadda gwiwa take aiki kafin maganar zaɓe ta yi ma'ana. A ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi mai santsi, shi ke sa ƙasusuwan su goga juna ba tare da ciwo ba. Wannan guringuntsin ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa yana cikin ruwan da ke cikin gaɓar, kuma yana shansa ne kamar soso: in ka taka ya matsu ya fitar da tsohon ruwa, in ka ɗaga ƙafa ya saki ya zuƙi sabo. Gaɓar da ba ta motsi tana cikin yunwa ke nan. Shi ya sa wanda ya daɗe a zaune yake jin gwiwar ta riƙe, sai ya ɗan taka kafin ta sake. Haka kuma tsokar gaban cinya ita ce ke tare girgizar taku kafin ta isa gaɓa. Wata biyu na kwanciya ya isa ya zubar da ita, kuma da zarar ta yi rauni duk nauyin sai ya sauka a kan guringuntsin da dama ya gaji.

Don haka hutu ba magani ba ne, sai dai na kwana biyu ko uku lokacin da gaɓar ta kumbura ta yi zafi. Akwai wani abu da ake yi a gidajenmu da kyakkyawar niyya amma yana cutarwa. Tsohuwa ta yunƙura za ta ɗauko buta, sai 'yarta ta yi wuf: "Inna, ki zauna, bari in kawo miki." Ta yunƙura za ta leƙa maƙwabta, jika ya ce, "Hajiya, ina za ki da wannan ƙafar? Bari in kira mota." Biyayya ce, Allah ya ba da lada, amma cikin shekara guda Inna ta daina iya tashi daga ƙasa ba tare da an kama ta ba. Wanda yake son mahaifiyarsa ya riƙe hannunta su taka tare, ya fi ya ɗauke mata kowane taku.

Ƙiba kuma ta hanya biyu take cutar da gaɓa. Ta farko nauyi. A tafiya ta yau da kullum, ƙarfin da ke sauka a gwiwa yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Wani bincike da Stephen Messier da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 a Jami'ar Wake Forest ta Amurka ya gano cewa duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya zubar, kimanin kilo huɗu ne ya sauka daga kan gwiwar a kowane taku. Kilo 5 ke nan ya zama 20, kuma mutum yana yin dubban taku a yini. Hanya ta biyu ba a ganinta da ido: kitse, musamman na ciki, yana sakin sinadaran da ke hura kumburi a jiki. Shi ya sa ake samun masu ƙiba da ciwon gaɓoɓin yatsun hannu fiye da sauran mutane, alhali ba da hannu suke tafiya ba.

To amma motsa jiki kaɗai yana rage ƙibar? A nan ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya, don rashin faɗarta ne ke sa su karaya a wata na biyu. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mutum mai kilo 95 da ya yi tattakin awa guda da ɗan hanzari yakan ƙona wajen kalori 300. Gwangwanin lemo ɗaya kalori 140 ne ko kusa da haka. In ya dawo daga tattakin da ƙishirwa ya sha biyu, aikin awa gudan ya tafi. Bayan haka jiki yana da wayo: in ka ƙara motsi, yakan rage abin da yake kashewa a wasu wuraren, ya kuma ƙara maka yunwa. Binciken Herman Pontzer na 2012 a kan mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarautan da suke yini a kan ƙafa, ya nuna abin da jikinsu ke ƙonawa a yini bai yi nisa da na mazauna biranen Turai da Amurka ba in an yi la'akari da girman jiki.

Messier ɗin nan ya sake yin wani gwaji da aka wallafa a 2013, da mutum 454 masu ƙiba da ciwon gwiwa, tsawon wata 18. Waɗanda suka yi motsa jiki kaɗai, abin da suka zubar bai kai kilo 2 ba. Waɗanda suka gyara abinci kaɗai sun zubar da kusan kilo 9. Waɗanda suka haɗa biyun sun zubar da fiye da kilo 10, kuma su ne ciwonsu ya ragu da kusan rabi, su ne suka fi saurin tafiya. Wannan sakamakon ya isa ya raba gardama. Sikeli yana sauka ne daga faranti. Aikin motsa jiki shi ne ya rage ciwon, ya riƙe tsoka kada ta zube tare da kitsen, ya gyara suga da hawan jini, ya kuma hana kilon da aka zubar dawowa. Tun daga 2019 doka ta wajabta wa gidajen abinci a ƙasar nan su rubuta kalori a gaban kowane abinci. Wanda yake tattaki don rage ƙiba ya riƙa karanta wannan lambar kafin ya ce a kawo kabsa ko kaza soyayya, zai ga awa nawa na tafiya ke cikin farantin.

Idan an gane haka, zaɓe ya yi sauƙi, don ba a neman wanda ya fi wahalarwa.

Tattaki shi ne na farko ga mafi yawan mutane, har da masu ciwon gwiwa matsakaici. Ba ya son kuɗin nadi, wato gidan motsa jiki, ba ya son koyo, kuma yana ba guringuntsi da ƙashi irin nauyin da suke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Ma'aunin matsakaicin ba sai da agogon hannu mai tsada ba: numfashinka ya ɗagu, kana iya hira da abokin tafiya amma ba ka iya jan dogon karatu ba tare da ka yanke ba. In kana tafe kana duba waya kana dariya, yawo kake yi. In kuma ba ka iya haɗa kalma uku, ka wuce gona da iri. Mai neman rage ƙiba ya sa ido a kan ɓangaren sama na wannan adadin, wato minti 250 zuwa 300, amma ba a mako na farko ba. Wanda ya shekara a zaune ya fara da minti goma, sau biyu a rana in ya samu, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci tana da wata riba ta daban ga mai suga, don tsoka tana janye sugan daga jini tun bai yi sama ba.

Maganar taku 10,000 da wayoyi suke nunawa kada ta tsorata kowa. Lambar ta samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Binciken da aka yi a kan masu ciwon gwiwa a Amurka ya nuna kimanin taku 6,000 a yini yana kare mutum daga kaiwa matakin da hidimar yau da kullum za ta gagare shi. Wanda yake yin 2,000 ya kai 4,000 ya yi babban ci gaba.

Inda za a yi tattakin yana da muhimmanci kamar tsawonsa. Jidda ta yi sa'a, gari ne shimfiɗaɗɗe, ga bakin teku da aka gyara aka buɗe a 2017, ga mamsha, wato hanyoyin tattaki, a unguwanni da dama, wasu an shimfiɗa musu roba mai laushi. A Madina akwai hanyar ƙafa tsakanin Masallacin Annabi (SAW) da Ƙuba, kimanin kilomita uku, kuma sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) yakan ziyarci Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Makka ce ke da matsala, domin gari ne na duwatsu, kuma mutanenmu da yawa gidajensu a kan tudu suke, sai an hau matakala masu yawa. Ka lura da mai ciwon gwiwa in yana saukowa: yakan juya gefe, ya dafa bango, ya sauke ƙafar da ke ciwo tukuna sannan ya jawo ɗayar. Jikinsa ya gano gaskiya, sauka ta fi hawa wahalar da gwiwa, musamman ƙoƙon gwiwar, don tsoka tana aikin birki ne da dukan nauyin jiki a kanta. Saboda haka mazaunin tudu kada ya lissafa matakalar gidansa a matsayin atisayen rage ƙiba ya riƙa ninka ta. Ya hau ya sauka gwargwadon buƙata, da sanda in ta kama, a riƙe a hannun da ke ɗaya gefen da ba ya ciwo, sannan ya nemi shimfiɗaɗɗen wuri don tattakinsa. Hawan Dutsen Nur kuma a bar wa masu lafiyar gwiwa.

Wani zai ce ai mu muna da Harami. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce babba. Ba cewa nake a mai da ibada atisaye ba, amma jiki ba ya fasa amfana don niyyar ta Allah ce. Ɗawafin nafila a bene ko a saman rufi tafiya ce mai tsawo a wuri shimfiɗaɗɗe, babu turereniya irin ta kusa da Ka'aba inda ake bangazar mutum gwiwarsa ta murɗe. Abin lura biyu ne. Daɓen marmara ne, kuma wanda ya yi doguwar tafiya a kansa ba komai a ƙafa, in yana da nauyi, dunduniya da tafin sawu za su gaya masa da asuba. Safa mai kauri ko huffi mai laushi yana taimakawa ga wanda bai ɗaura ihirami ba. Na biyu shi ne abin da ke faruwa da mai Umra da ya yi wata shida bai taka ko'ina ba: ɗawafi, ga sa'ayi mai kusan kilomita uku, ga sassarfa tsakanin korayen fitilu, ga tafiya daga inda mota ta ajiye shi, duk a dare ɗaya. Ya kwana uku yana jan ƙafa, ya ce tafiya ba ta karɓe shi ba. Tafiyar ba ta da laifi, tarin da aka yi mata ne a lokaci guda. Wannan tsallen daga babu zuwa mai yawa shi ne musabbabin mafi yawan raunin da sababbin masu motsa jiki ke samu, a Harami ne ko a nadi.

Idan tattakin minti goma ma yana tayar da ciwo, keken motsa jiki na tsaye shi ne mafita, kuma ina ganin mutanenmu ba su ba shi haƙƙinsa ba. Sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, gwiwa tana ta lanƙwasawa tana miƙewa, ruwan gaɓa yana zagayawa, zuciya tana aiki. Awon da aka yi da na'urori a cikin gwiwar roba ya nuna nauyin da ke sauka a gaɓa a kan keke bai fi kusan rabin na tafiya ba. Amma sai an daidaita shi. Sirdi in ya yi ƙasa, gwiwa tana lanƙwashewa da yawa, ciwon gaban gwiwa ya taso. A ɗaga shi yadda in feda ta kai ƙasa ƙafar ta kusa miƙewa, da ɗan lanƙwasa kaɗan. A sassauta nauyin fedar, a yawaita juyawa. Mai ciwon baya ko mai babban tumbi ya nemi irin wanda ake zama a jingine. Ga matan da fita ke musu wuya, da direban da ba ya dawowa gida sai tsakar dare, keke ɗaya a kusurwar ɗaki ya fi katin nadin shekara da ba a zuwa, kuma ana samun na hannu da araha, don masu saye su ajiye suna da yawa.

Ruwa ya fi komai sauƙi ga gaɓa. Wanda ya tsaya a ruwa zuwa ƙugu, kusan rabin nauyinsa ne ya rage a ƙafafunsa, in ya kai ƙirji kuwa abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Ba sai ka iya iyo ba. Tafiya a cikin ruwan daga bango zuwa bango, gaba da baya da gefe, aiki ne sosai, don ruwa yana turjiya ta kowane ɓangare. Mai kilo 120 da gwiwarsa ba ta barinsa ya zagaya unguwa zai iya yin minti talatin a ruwa ya fito ba ciwo. Tun da aka fara ba wuraren motsa jiki na mata lasisi a 2017, an samu waɗanda ke da wurin iyo na mata zalla, sai dai kuɗinsu ba kowa ke iya biya ba, kuma wannan shi ne babban cikas ɗinsa a wajenmu. Masu iyo su kiyayi salon da ake buɗe ƙafafu ana harbawa gefe, yana matsa wa cikin gwiwa. Kuma mutane da yawa da yunwa suke fitowa daga ruwa, sai a shirya abin da za a ci tun kafin a shiga. Keke da iyo duka ba sa ƙarfafa ƙashi kamar tafiya, don haka matar da ta daina al'ada, wadda ƙashinta ke saurin yin rauni, ta haɗa su da ɗan tattaki ko da kaɗan ne.

Na'urar nan da ake tsayawa a kan feda biyu ana zagaya ƙafa ba tare da an ɗaga ta ba tana tsakanin keke da tafiya, mai kyau ce ga wanda ya same ta. Injin tafiya shi ma ba laifi, muddin ba a rataye a jikin ƙarfensa ana jan ƙafa ba.

Gudu fa? An daɗe ana cewa yana cinye gwiwa, amma hujja ba ta goyi bayan wannan ba. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya samu ciwon gaɓar gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun nishaɗi, kashi 10.2 na marasa motsi, da kashi 13.3 na masu gudun gasa. Sai dai a karanta shi da hankali: masu gudun galibi ba su da ƙiba tun farko, kuma wanda gwiwarsa ta dame shi ya riga ya bar gudun. Abin da zan ɗauka daga ciki shi ne saurayi ko budurwa mai lafiyar gaɓa da ɗan ƙarin kilo ba su da dalilin tsoron sassarfa, in sun fara da minti ɗaya gudu minti biyu tafiya. Amma magidanci mai kilo 110 da gwiwa mai ƙara da kumburi, gudu ba nasa ba ne yanzu. Haka tsallen igiya da atisayen tsalle-tsalle da ake gani a bidiyon TikTok, waɗanda masu yinsu 'yan shekara ashirin ne. Mai son ya ɗanɗana tsanani ya yi shi a kan keke ko a ruwa: minti ɗaya da ƙarfi, minti biyu a hankali.

Duk wanda aka zaɓa cikin waɗannan, in ba a haɗa shi da ƙarfafa tsoka ba aikin rabi ne. Kwana biyu a mako ya isa, kuma ba a buƙatar ƙarfe. A zauna a kujera mai ƙwari a miƙe ba tare da dafa hannu ba, sau goma, a huta a sake. A kwanta rigingine a miƙe ƙafa ɗaya a ɗaga ta a hankali. A dafa bango a yi ɗage a kan yatsu. A kwanta a lanƙwasa gwiwoyi a ɗaga ƙugu sama. Wanda asibiti ya tura shi wajen likitan gashi, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, waɗannan ne za a koya masa, kuma amfaninsu yana cikin yin su a gida bayan an gama zuwa.

Tambayar da ta fi damun mutane ita ce ta ciwo: in ina yi yana ciwo, in daina? Ma'aunin da likitocin gashi ke amfani da shi mai sauƙi ne. Ɗan ciwon da za ka iya jurewa kana ci gaba da hira, wanda bai sa ka ɗingishi ba, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ba ɓarna yake nunawa ba. In ya kwana ya wuni yana nan fiye da da, ko gwiwar ta kumbura, an yi yawa: a rage rabi, kada a daina. Amma akwai alamun da ba a jayayya da su. Gwiwar da ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko take sullewa mutum ya nemi faɗuwa, ko ta kumbura farat ɗaya ta yi ja da zafi, musamman da zazzaɓi, wannan ta likita ce a ranar. Babban yatsan ƙafa da ya kumbura cikin dare, ko gaɓoɓin hannu biyu da suke riƙewa fiye da awa guda da safe, wasu cututtukan ne daban masu maganinsu daban, tattaki ba zai warkar da su ba. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashin da ya ƙi dawowa kuwa, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Sai zafi, wanda duk shawarar da aka rubuto daga ƙasashen sanyi ba ta san da shi ba. Har yanzu akwai samarin da ke naɗe ciki da leda ko su sa rigar roba su fita da rana, in dattijo ya yi magana su ce, "Alhaji, ai kitsen ne ke narkewa." Ruwa ne da gishiri ke fita, kuma kilon da sikeli ya nuna ya ragu zai dawo da kofi uku na ruwa. Abin da zai iya tafiya bai dawo ba shi ne ƙoda. Ƙasar da ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba ba wasa take ba, kuma mun ga Hajjin 2024, inda zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Laimar Jidda ma tana da nata haɗarin, don gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Daga Mayu zuwa Oktoba, tattaki na bayan asuba ne ko bayan isha'i, ko a cikin manyan kantunan nan masu sanyi inda mutum zai zagaya awa guda ba wanda zai ce masa don me. A watan azumi a bar mai nauyi sai bayan tarawihi. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ya ƙara kula da ruwa. Mai allurar insulin ko ƙwayoyin da ke saukar da suga ya sa dabino a aljihu, ya kuma duba tafin ƙafarsa duk dare, don ƙafar mai suga tana iya yin gyambo bai ji ba. Silifa da takalmin fata mai shafaffen ƙasa ba na doguwar tafiya ba ne.

Allurar rage ƙiba irin su Ozempic da Mounjaro, da aikin rage tumbin ciki, sun yaɗu sosai a ƙasar nan, kuma ga wanda likita ya ga ya cancanta suna da amfani har ga gwiwa. Gwajin da aka wallafa a 2024 ya nuna masu ciwon gwiwa da suka yi allurar semaglutide, sinadarin da ke cikin Ozempic, sun zubar da kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinsu, ciwon kuma ya ragu. Sai dai ramar da ta zo da sauri tana tafiya da tsoka, saboda haka mai allura ya fi kowa buƙatar keken nan da tashi-zaunen kujera.

A makonnin farko sikeli yakan yi taurin kai, wani lokaci ma ya ɗan hau, don tsokar da ta fara aiki tana riƙe ruwa. Awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne na tef ɗin tela a daidai cibiya, domin kitsen ciki yana amsa motsa jiki tun kafin nauyi ya motsa, kuma abin da ake so shi ne kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85. Na biyu, a ƙirga sau nawa ake iya tashi daga kujera a zauna cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafawa ba. A rubuta lambobin biyu yau, a sake aunawa bayan mako shida. In ƙugu ya ragu, tashin ya ƙaru, a ci gaba da abin da ake yi a ƙara masa minti. In ciwon ne ya ƙaru, a sauya daga tattaki zuwa keke ko ruwa na wata guda, sannan a sake gwada ƙasa.